Aikinmu Ɓoye Mutum Daga Idon Dabba

Sana'armu ita ce ɗinka rumfunan ɓuya da ragogin lulluɓi, da yi wa akwatunan kyamara fenti, domin masu ɗaukar hoton namun daji da masu nazarin tsuntsaye. Mutum zai shiga rumfarmu tun da asuba ya zauna har rana ta take, barewa ta zo tana kiwo a gabansa, zalɓe ya sauka yana kamun kifi, babu wanda ya san da shi. Ƙaramin kamfani ne, ni da masu ɗinki da mai haɗa launi, kuma ba mu da kayan da ke jibge a kanta suna jiran mai saye. Kowace rumfa don wuri guda muke yin ta, da kuma irin dabbar da za a je kallo. Wannan shi ya sa aikinmu ke ɗaukar lokaci, shi ya sa kuma masu aikin gaske ke dawo mana.

Duk abin da muka iya a wurin dabbobi muka ɗauko shi. Su ne rayuwarsu ta rataya a kan sajewa da wuri: wanda aka hango an cinye shi, wanda kuma abin farautarsa ya hango shi ya kwana da yunwa. Mutane da yawa suna zaton magana ce ta launi kawai, a sa kore a cikin ganye, a sa ruwan ƙasa a cikin busasshiyar ciyawa, shi ke nan. Launi shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abubuwan da ke tona asiri su ne inuwa, da gefen jiki, da motsi, da kuma sanin idon wa kake gudu.

Maigidan da ya koya mini aikin mai zane ne tun asali. Ya yi shekaru yana zana bangon bayan akwatunan gilashi a gidan adana kayan tarihi, inda ake jera busassun dabbobi kamar suna cikin dajinsu, kafin masu hoto su fara roƙonsa ya yi musu maɓoya. Watannin farko bai bar ni na taɓa burushi ba. Yakan sassaƙa itace kamar girman makwarwa, ya shafe shi da fenti daidai launin ƙasar wurin, ya ajiye a fili, ya ce in ja da baya in rintse ido rabi. Komai dacewar launin sai ka hango shi, domin rana na haska bayansa, cikinsa kuma ya yi duhu. Sai ya ɗauko na biyu, wanda ya yi wa baya duhu, launin na raguwa a hankali har ya zama fari a ciki. Yana ajiye shi kusa da na farko sai ya lafe, ya koma kamar shafi ɗaya da ƙasa. Ya ce da ni, "Yaro, dubi barewa, dubi kifi, dubi zomo. Ka taɓa ganin wanda cikinsa ya fi bayansa duhu?"

Daga baya na karanta cewa wani mai zane ɗan Amurka, Abbott Thayer, ya bayyana wannan a rubuce tun 1896, kuma da irin waɗannan sassaƙe yake nuna wa masana. Haske daga sama yake zuwa, don haka dabbar da bayanta ke da duhu, cikinta fari, tana kashe inuwar jikinta da kanta, sai kaurinta ya ɓace wa ido. Amsar tambayar maigida ma akwai ta, kuma ita ce ta ƙara tabbatar mini da zancen: akwai irin kurungun da ke iyo a rigingine, ciki sama, kuma shi cikinsa ne ya fi bayansa duhu. Thayer ya zarce gona da iri a ƙarshe, har ya ce jan launin wasu tsuntsayen ruwa don su saje da faɗuwar rana ne, abin da ya sa tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt, wanda shi ma maharbi ne, ya yi masa raddi mai zafi. Amma a batun inuwa yana da gaskiya, kuma da ita muke aiki kullum. Rufin rumfarmu ya fi jikinta duhu, ƙasanta ya fi haske. Akwatin kyamarar da za a ɗaure a gindin bishiya, ƙarƙashinsa muke sa launi mafi haske, wurin da mai saye ba ya ma dubawa.

Inuwar da abu ke jefawa a ƙasa kuma wata matsala ce daban. A tsibirin Madagaska akwai wata irin tsaka mai wutsiya kamar ganye. Da rana takan manne a jikin bishiya kanta a ƙasa, kuma gefen jikinta da haɓarta akwai wata fata mai geza da ke kwanciya a kan ɓawon itacen, ta toshe ratar da inuwa za ta fito. Ba ka ganin inda tsaka ta ƙare itace ya fara. Wannan gezar muka kwaikwaya. Kowace rumfarmu tana da leɓatu a ƙasa, tsagaggen yadin algarara da ke bazuwa a kan ƙasa, a watsa masa ganyen wurin da turɓaya. Ɗinkinsa na cin yini, kuma shi ne abu na farko da masu kwaikwayonmu ke yar da shi. Tasu rumfar takan tsaya a kan ƙasa da baƙin layi a gindinta, miƙaƙƙe sambal, irin layin da babu shi a daji.

Bari in tsaya a kan waɗannan mutane, don abin na ci mini rai. Suna ɗaukar hoton ganye da rassa mai kyau, su buga shi a kan yadin leda mai sheƙi, hoto ɗaya yana maimaita kansa kowane taku, su naɗe su kai kasuwa. A hannu abin sha'awa ne, har jijiyar ganye kana gani. Ka ja da baya taku talatin, duk ƙananan zanen nan sai su haɗe su zama dunƙule guda mai duhu, mai siffar akwati. Sun yi kayan ne don idon mai saye a tsaye a gaban kanta, mu kuwa don idon shaho muke yi. Mai saye zai zo wurinmu da hoton nasu a waya ya ce, "Malam, ga irinta fa, kuma ba ta kai taku tsada ba, a rage mana." Nakan ce masa, "Ranka ya daɗe, kama da wane ba ta wane." In ya dage, sai in ba shi shawara ya je ya kafa ta a bakin tafki ya zauna. Da yawa sun dawo bayan daminar ta wuce musu ba hoto ko ɗaya, yadin ya koɗe ya koma shuɗi-shuɗi, ɗinkin ya farke, kuma tsuntsayen wurin sun riga sun koyi gudun duk abin da ya yi kama da rumfa. Wannan na ƙarshen ya fi ɓata mini rai, domin sun lalata wurin har ga wanda zai zo bayansu.

Abin da ke karya siffa shi ne manyan faci masu saɓanin haske da duhu, waɗanda suka kai har bakin gefe. Wani masanin dabbobi ɗan Ingila, Hugh Cott, ya yi dogon bayani a kai a 1940, kuma a yaƙin duniya na biyu ya koyar da sojoji dabarun ɓad da kama a arewacin Afirka. Ido, na mutum ko na tsuntsu, gefen abu yake fara nema. In zanen da ke jikin dabba ya fi gefenta ƙarfi, sai ido ya bi zanen ya manta da dabbar. Dubi kasa a kwance cikin busasshen ganye: zanen bayanta ya yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta bi wani ganye. A 2005 masu bincike a Jami'ar Bristol suka gwada wannan a daji. Suka yanka takardu masu kusurwa uku kamar fikafikan malam-buɗe-littafi, suka haɗa kowace da matacciyar tsutsa, suka manna a jikin bishiyoyi, suka bar wa tsuntsaye. Takardun da zanensu ya taɓa gefe sun fi daɗewa ba a cinye su ba a kan waɗanda launinsu iri ɗaya ne amma zanen ya tsaya a tsakiya. Saboda haka mu ba ma yin fenti kafin ɗinki. Sai an haɗa rumfa an tsayar da ita, sannan mai launi ya zo ya bi kusurwa da kafaɗa da bakin ƙofa, ya tabbatar kowane faci ya tsallaka daga wannan bango zuwa wancan. Yadin da aka buga a inji aka yanka daga baya ba zai taɓa yin haka ba sai bisa katari.

Cott ya lura da wani abu kuma da nake alfahari da yadda muka sa shi a aikinmu. Ido shi ne abin da ya fi wuyar ɓoyewa a jikin dabba, da'ira ce baƙa mai ƙyalli. Kwaɗi da yawa, da kifaye da macizai da tsuntsaye, suna da baƙin layi da ya ratsa ta kan idon, sai idon ya nutse a cikinsa. Madubin kyamara babban ido ne, kuma dabbobi suna tsoronsa. Muna jan baƙin faci mai karkata ya ratsa tagar da madubin ke leƙowa, mu ɗinka mata hannun riga na raga mai duhu. Wani mai ɗaukar hoton tsuntsayen bakin ruwa da ya daɗe yana saye a wurinmu ya gaya mini cewa tun da muka yi masa wannan tagar ya daina ganin tsuntsu ya ɗaga kai ya ƙura masa ido.

Tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya zo ita ce: wace dabba za ka kalla? Wasu suna mamaki, suna ganin daji ai daji ne. To, damisar Asiya mai zane jajir take a idonmu, ruwan lemo a cikin koren daji, amma barewar da take farauta iri biyu kawai na ƙwayoyin gane launi gare ta a ido, mu muna da uku. Ja da kore kusan abu ɗaya ne a wurinta. Wani bincike na 2019 ya nuna yadda damisar ke narkewa cikin ganye idan aka dube ta da irin wannan ido. Tsuntsaye kuwa sun fi mu, iri huɗu gare su, kuma da yawansu suna ganin hasken da ya wuce shuɗi wanda mu ba ma gani sam. Rumfar da za ta ruɗi gada ba lalle ta ruɗi shirwa ba.

Nan ne rigimata da masu kawo yadi take. Yawancin yadin kasuwa ana sa masa sinadarin ƙara haske, irin wanda ke cikin garin sabulun wanki, don ya yi kyan gani. Sinadarin yana shan hasken nan da ba ma gani ya mayar da shi shuɗi, kuma shuɗi launi ne da barewa ke gani sarai, musamman da asuba da almuru, daidai lokacin da mai hoto ke aiki. Nakan gaya wa mai kawo kaya da babbar murya cewa ɗanyen yadi nake so wanda ba a taɓa ba. Ya ce to, ya rantse, kaya su iso, in kashe fitilar ɗaki in haska su da tocilan ɗin gwaji mai fitar da hasken nan da ba ma gani, sai ka ga bandir guda yana walƙiya. In mayar, a yi ta ja-in-ja, aikin mutane na jira. Wani har cewa ya yi wai ai ido ba ya gani, me ya dame ni. Idon wa? Haka zare, haka igiya, haka ragar da ake saƙawa da roba mai sheƙi. Duk abin da ya shigo sai ya bi ta ƙarƙashin tocilan, kuma kowace rumfa tana fita da takardar gargaɗi cewa kada a wanke ta da sabulun gari, ruwa zalla ya isa.

Hawainiya ce kowa ke kawo mini misali da ita, har wasu su tambaya ko akwai yadin da ke sauya launi kamarta. Gaskiyar magana, yawancin rikiɗar hawainiya zance ne tsakaninta da 'yan'uwanta, namiji na tsoratar da namiji ko yana neman mace, ko kuma tana daidaita zafin jikinta. A 2015 masu bincike a Jami'ar Janeba suka nuna cewa a fatarta akwai ƙananan ƙwayoyi kamar lu'ulu'u a jere, in tazararsu ta buɗe ko ta matse sai launin da ke fitowa ya sauya. Launin da take da shi in tana hutawa ya riga ya dace da ganye. Abin da na fi koya daga gare ta tafiyarta ce, yadda take rangaji gaba da baya kafin ta ɗaga ƙafa, kamar ganyen da iska ke kaɗawa. Gwanayen rikiɗa na ainihi a teku suke, dabbar nan mai hannu takwas da danginta, waɗanda kan sauya launi cikin ƙiftawar ido, har fatarsu ta yi ƙuraje ta koma kamar dutse, alhali binciken idonsu ya nuna yawancinsu ba sa bambance launi. Haske da duhu da kaushin wuri suke karantawa. Shi ya sa idan mun gama rumfa muke ɗaukar hotonta a wurin gwaji mu cire launin, ya zama baƙi da fari. In ta ɓace a haka, ta yi. In ta fito, a koma kan burushi.

Maigidana yana da ƙaunar yautai ta musamman. Yakan kai ni wurin da ya san tana kwanci a ƙasa, ba sheƙa ba komai, ya nuna mini da baki ya ce tana tsakanin wancan dutse da wancan kututture, in nemo ta. Sai in tsaya ina dubawa har wuyana ya gaji. Idan na gano ta, idonta a rufe saura ɗan siriri, gashinta zane-zanen toka da ruwan ƙasa da baƙi, sai ya ce, "Yanzu kau da kai ka sake dubawa." In kau da kai, ta sake ɓacewa. Ya ce abin lura shi ne ba ko'ina take kwanciya ba, tana zaɓen wurin da ya yi kama da ita. Masu binciken da suka bi sheƙunan tsuntsayen ƙasa a Zambiya sun wallafa a 2016 cewa yautai, da yake takan lafe a kan ƙwanta har maƙiyi ya zo dab, dacewar gashinta da ƙasa ce ke tsare ƙwan. Tsuntsayen da ke tashi tun maƙiyi na nesa kuwa, launin ƙwan kansa ne ke yanke hukunci. Rabin aikin rumfa yana hannun mai kafa ta. Muna gaya wa kowa: ka jingina ta da kurmi ko dutse, kada kanta ya fito a sararin sama, ka kafa ta kwanaki kafin ka shiga don dabbobi su saba, kuma in ka shiga ka zauna kamar yautai. Muna ɗaure kowace kusurwa da igiya biyu saboda yadin da ke kaɗawa a iska yana kore dabba fiye da jan kyalle.

Akwai abin da fenti ba ya yi, kuma nakan faɗa wa mai saye tun kafin ya biya. Wari ne. Wani bincike a Afirka ta Kudu a 2015 ya gano cewa karnukan da aka horar suna gane warin macizai iri-iri, amma sun kasa gano na kasa. Ita ta ɓoye har warinta. Mu ba mu kai nan ba. Abin da muke yi shi ne shanya sabuwar rumfa a waje har warin fenti ya fita, sauran kuma mai ita ya lura da inda iska ke kaɗawa. Masu sayar da ruwan fesawa da sunan yana kashe warin mutum, su ma 'yan'uwan masu yadin leda ne a wurina.

Wuri kuma yana sauyawa, dabba ko ta bi shi ko ta halaka. A Ingila akwai wani ɗan ƙwaro mai fikafikai, dangin malam-buɗe-littafi amma na dare, fari mai ɗigon baƙi, da ke kwana a jikin bishiya. An fara samun baƙinsa a Manchester a 1848. Hayaƙin masana'antu ya baƙanta bishiyoyi, tsuntsaye suka yi ta tsince farare, zuwa 1895 kusan kashi 98 cikin ɗari na yankin baƙaƙe ne. Bayan dokar tsabtace iska ta 1956 bishiyoyi suka washe, farare suka dawo. A arewacin Amurka kuma akwai zomon da ke komawa fari da sanyi, ruwan ƙasa da bazara. Tsawon yini ne ke sa shi sauya gashi, ba zubar dusar ƙanƙara ba, don haka yanzu da ƙanƙarar ke makara tana kuma narkewa da wuri, sai ka ga farin zomo zaune a kan baƙar ƙasa, kuma masu bincike sun tabbatar an fi kama shi a irin waɗannan makonni.

Saboda wannan ne muke yi wa rumfunanmu riga mai fuska biyu, ɗaya ta lokacin tsiro, ɗaya ta lokacin da ciyawa ta bushe, da madaukai a jiki inda za a soka ganye da karan wurin. Wanda zai yi oda, muna so ya turo mana hotunan wurin da safe da tsakar rana da yamma, a ɗauka daga tsayin idon dabbar, wato a durƙushe in barewa ce, daga sama in tsuntsu mai shawagi ne. Ya gaya mana watan da zai yi aikin, ya haɗo da ɗan ƙunshin ƙasa da busasshen ganye da ɓawon itacen wurin, domin waya na ƙara wa hoto launi. Da waɗannan mai haɗa launi zai zauna a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitila ba, yana ɗiga fenti a gefen ɓawon itacen yana jira ya bushe, saboda fenti ɗanye da busasshe ba launinsu ɗaya ba. Wanda yake sauri ya sanar da mu tun kafin lokacin aikinsa ya matso, don ba ma sakin rumfa sai ta sha rana da raɓa a wurin gwaji.